Huda Huɗu a Bindigar Baba

Gonar Tveit, arewa da Jordan, Montana
9 ga Nuwamba, 1986

Ɗan'uwa Delbert,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Verna. Na san za ka juya ambulan ɗin nan sau biyu kana tunanin wace ce Arlys Tveit. Ni ce jikar Nils, yayan kakarka Gunhild, ni ce kuma na zubar maka da kofi a riga ranar jana'izar Goggo Thora shekara tara da suka wuce. Ni dai lafiya lau, in ka cire gwiwar hagu da ke gaya mini zuwan ƙanƙara kafin rediyo ya faɗa. Shekara saba'in da uku ba wasa ba. Tun rasuwar mijina Clifford ni kaɗai ce a gidan, sai tumaki ɗari da arba'in da wani tsohon kare da ya fi ni kurumta.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Maƙwabcina Hovland zai ratsa ta garinku ranar Alhamis, zai ajiye maka bindigar Baba a shago, naɗe cikin bargo. Mai liba ce, ka san irinta: ka ja hannun ƙasa, ka mayar, harsashi ya hau. So nake ka ɗora mata madubin hange. Mai shagon kayan ƙarfe a Jordan ya ce tunda kwanson harsashinta ta sama yake fita, madubin sai dai a gefe, wato a huda ƙirjinta wuri huɗu. Ya ce shi ma zai iya. Na dubi yadda hannunsa ke rawa na ce a'a, muna da maƙerin bindiga a dangi.

Ga dalili. Bara diloli suka cinye mini 'ya'yan tumaki goma sha tara. Sau bakwai ina harbi ban taɓa ko gashin ɗaya ba, ni da a da nake kayar da dila yana tsakiyar gudu. Sai ga 'yata Renae, mai aikin asibiti a Billings, ta zo ta zauna a teburin kicin ta harɗe hannu.

"Mama, ba rigima na zo yi ba."

"Duk ranar da kika fara da haka, rigima ce."

"Na gyara miki ɗaki a gidana. Taga biyu gare shi."

"Nan takwas gare ni, kuma duk wadda na leƙa ƙasata nake gani."

Muka yi ta ja har kofi ya huce. Daga ƙarshe muka yi alkawari hannu da hannu: in bazara mai zuwa ta zama kamar ta bara, a sayar da tumaki in bi ta Billings. In na tsare garkena, ba za ta ƙara ɗaga maganar ba. Ka ga ke nan zamana a gidan da aka haife ni yana rataye a bakin bindigar nan. Tumaki za su fara haihuwa farkon Afrilu.

Kada ka buga waya. Layi ɗaya muke da gida biyar, kuma matar Hovland ba ta da aikin da ya wuce ɗaga kan tarho a hankali.

'Yar'uwarka,
Arlys

Libby, Montana
23 ga Nuwamba, 1986

'Yar'uwa Arlys,

Wasiƙarki ta iso, bindiga ma ta iso lafiya. Muna nan ƙalau, sai Verna da ke fama da tari. Ta ce in gaya miki rigar nan har yau tabon kofin bai fita ba, ni kuma na ƙi yarda a yar da ita.

Arlys, kin san abin da kika naɗe a bargon doki kika jefa bayan mota? Da na warware shi sai da na nemi kujera. Shekara talatin da takwas ina wannan sana'a, masu liba ashirin da shida ne jere a bangona, kuma duk cikinsu babu wadda ta isa ta tsaya kusa da bindigar mahaifinki, Kawu Anders. Bututunta rabi mai kusurwa takwas ne, rabi zagayayye. Ƙotarta irin icen da sai an ba da oda ake sa shi. Launin da wuta ta bar wa ƙirjinta yana nan a ƙarƙashin dattin shekaru, na goga da mai kaɗan sai ga shi ya fito. Ko noti ɗaya ba a taɓa sauya mata ba. A cikin dubu da wuya a sami ɗaya haka.

Mu masu tara tsofaffin bindigogi doka ɗaya gare mu. Tsatsa a tsayar da ita, datti a goge, abin da ya karye a ɗora, amma abin da masu ƙira suka yi da hannunsu ba a taɓa shi. Rami kuwa ba ya cikewa. Akwai wani maƙeri a Missoula da ya rasu shekara goma ke nan, har gobe in aka ga tsohuwar bindiga mai huda a kasuwar masu tarawa sai ka ji an ce, "Wane ya bi ta nan." Ba na so in mutu da irin wannan suna.

Ga shawarata. Ina da wata mai liba, ƙirar bayan yaƙi, wadda kwansonta ta gefe yake fita. Madubi na zaune a kanta daram, ba a huda komai ba. Zan aiko miki da ita, ki harbe dilolinki har ki gaji. Ta Kawu Anders ki bar ta a wurina, ɗakina ba danshi, ba ƙura.

Ki gaishe da karen, in zai ji.

Ɗan'uwanki,
Delbert Haugen

Gonar Tveit
4 ga Disamba, 1986

Delbert,

Ina fatan tarin Verna ya yi sauƙi. Ta tafasa zuma da albasa ta sha da zafi.

Na karanta wasiƙarka sau uku, a karo na uku na gane ta. Ashirin da shida gare ka, kana neman ta ashirin da bakwai. Lallai dangi da daɗi. Na aika a gyara mini abin aiki, an mayar da shi abin kallo, kuma wai a ba ni wata in riƙa lallaɓawa. Kayan aro ba ya rufe katara, Delbert.

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya ɗora mini bindigar nan a kafaɗa. Yatsuna yanzu sun karkace, maɓallin riga ma sai na yi da gaske, amma libarta da tafin hannu nake ja, kuma na san daidai inda kunamarta ke sakewa kamar yadda na san matakalar gidana. Wadda kake so ka aiko, sai na shekara ina koyon halinta, ni kuwa wata huɗu gare ni.

Kana maganar masu ƙira. Baba bai san su ba. Ya saye ta ne a hannun wani ɗan Ingila da kiwo ya kayar, ya rataye ta a sirdi shekara arba'in, ya buga ƙusar shinge da gindinta ranar da ya manta guduma. Da yana raye da ya yi maka dariya har ya faɗo daga kujera.

Ko ka huda, ko ka mayar mini da kayana in kai wa mai rawar hannu.

Arlys

Libby
11 ga Janairu, 1987

'Yar'uwa Arlys,

Barka da sabuwar shekara. Tarin Verna ya tafi, ta ce albasar ce, ni na ce tsoron sake shan ta ne. Ina fatan gwiwa ta bar ki kin yi Kirsimeti lafiya.

Na daɗe ban ba ki amsa ba saboda raina ya ɓaci, gara in faɗa miki gaskiya. Ban taɓa cin kayan wani ba, bare na 'yar'uwa. Na karanta wa Verna wasiƙarki ina jiran ta tsaya mini, sai ta ajiye saƙarta ta dube ni ta saman tabarau.

"To ƙarya ta yi?"

"Verna, ajiye mata na ce zan yi."

"Ajiya. Shi ya sa ka matsar da guda biyu daga tsakiyar bango ka buga sababbin ƙusoshi?"

Ƙusoshin kuwa suna nan. Na cire su washegari. Eh, na so ta, Arlys. Amma son da nake mata ba na in mallaka ba ne kawai. Shekara kusan tamanin ta tsallake ba wanda ya ɓata ta, ga shi ta faɗo hannun mutumin da ya fi kowa sanin darajarta, wai shi ne zai ɓata.

Na samo mafita. Akwai wani ɗan saiti mai zobe da ake leƙawa ta cikinsa, irin na zamaninta, yana zama a bayan kunama a kan notin da ke jikinta tun asali. Ba huda, ba ƙarce. Tsofaffi da yawa sun ce ya mayar musu da idonsu shekara goma baya. Abokina Lyle Pruitt yana da guda a Kalispell, zai kawo mini ƙarshen wata. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan. Mai rawar hannu kuwa, kada ki bari ko inuwarsa ta faɗa kanta.

Delbert

Gonar Tveit
2 ga Fabrairu, 1987

Ɗan'uwa Delbert,

Na gode da wasiƙa. Ka gaishe mini da Verna da kyau, ka ce mata na so a ce ita ce 'yar'uwar tawa, kai ne aka auro. Nan ƙanƙara ta rufe hanya kwana tara, amma ciyawa ta isa, ba mu rasa ko ɗaya ba.

Na yi maka kalamai masu zafi, ka yafe. Tunda ka faɗi taka gaskiyar, bari in faɗi tawa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zoben Lyle ba zai yi mini komai ba. A watan Satumba na sa Hovland ya kai ni Miles City, na ce masa haƙori zan cire. Likitan ido na je gani. Ya haska, ya juya, ya ce abin a can ƙasan idon yake, tabarau ba ya gyara shi, aiki ba ya gyara shi, kuma gaba zai yi ba baya ba. Duk abin da na ƙura wa ido, tsakiyarsa sai ta zama kamar an shafa mata man shanu, gefe-gefe kawai nake gani. Wasiƙunka da gilashin ƙara girma nake karanta su. Na tambaye shi madubin hange fa, ya ce abin da aka ƙara wa girma sau huɗu zan iya gani, shekara ɗaya ko biyu.

Renae ba ta sani ba. Ma'aikaciyar asibiti ce, ranar da ta ji, a ranar za ta zo da akwatuna. Kai kaɗai na gaya wa, kuma ban san me ya sa ba, sai dai ko don kana nesa.

Tsoro nake ji, Delbert. Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsoron a ɗauke ni nake, a zaunar da ni bakin taga ina jin motoci. Shekara ɗaya nake roƙo, ko biyu. Bindigar za ta daɗe bayana, da rami ko ba rami.

Arlys

Gonar Tveit
14 ga Maris, 1987

Delbert,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mako shida ke nan. Tunkiya ɗaya ta riga lokaci ta haifi biyu jiya, kuma na ji kukan diloli a bayan tudu. In maganar da na faɗa maka ce ta sa kake ganin bai kamata a ba makauniya bindiga ba, faɗa mini kai tsaye. In kuma ka rubuta wa Renae, Allah ya isa tsakanina da kai.

A.

Libby
19 ga Maris, 1987

'Yar'uwa Arlys,

Lafiyarmu ƙalau, kuma ban rubuta wa kowa ba. Sirrinki yana inda kika ajiye shi, ko Verna ban gaya wa ba. Shirun nan ba shi da wani dalili sai ragwantakata. Tun ranar da na karanta wasiƙarki na san abin da zan yi. Na auna, na sa ɗigo huɗu da alli a ƙirjin bindigar, sannan na yi mako biyar kullum ina share allin da yamma ina sake sawa da safe. Takardarki ta ranar sha huɗu ce ta ba ni kunya.

Shekaranjiya na ɗaure ta a kan injin huda. Ina cikin saita bakin sai ga Lyle ya shigo da zobensa a aljihu. Ya tsaya a ƙofa kamar wanda ya tarar ana yanka.

"Del, me nake gani haka?"

"Abin da ka gani."

"Ka sha wani abu ne? Kira matar, ka ce ta faɗi abin da take so, ni zan saya. In sayo mata sababbi uku."

"Ba ta sayarwa ba ce. Mai ita aiki za ta yi da ita."

"Wallahi in ka huda ta, ba ni ba sake zama teburi ɗaya da kai a kasuwa."

"To ja mini ƙofar in za ka fita, iska na kaɗa mini fitila."

Bai fita ba. Ya cire hula ya tsaya yana kallo har na gama. Ramin farko ne mai wuya. Ƙarfen ya yi tauri a sama, sannan ya saki, garinsa ya zubo a kan tsumma. Na tattara garin na zuba a ƙaramar kwalba, ban san amfanin da zai yi mini ba. Sauran ukun hannu ne kawai ya yi aikinsa. Ba yabon kai ba, a Montana babu wanda zai yi huda huɗu masu tsabta kamar waɗannan, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi mini ciwo kamarsa ba.

Na kai ta bayan gari na gwada. A taku ɗari tana zuba harsashi uku a wurin da murfin kwalba zai rufe. Ki kwantar da kumatunki ɗan hagu fiye da yadda kika saba, tunda madubin a gefe yake. Na ba motar kaya ita yau da safe, za ta iso Jordan ranar Talata.

Ki tsare garkenki, 'yar'uwa.

Delbert

Gonar Tveit
24 ga Mayu, 1987

Ɗan'uwana Delbert,

Gaisuwa gare ka da Verna. Ka yafe shirun wata biyu, lokacin haihuwa mai tumaki ba ya zama. Gwiwa na nan yadda ka san ta. Karen ya mutu ranar Ista, a kan tabarmarsa, bai wahala ba.

Aikinka ya yi kyau. Dila uku na kayar, ɗaya ma a taku ɗari da hamsin, Hovland ya auna da ƙafarsa don bai yarda ba. 'Ya'yan tumaki huɗu kawai na rasa bana. Wato na ci alkawari, Renae ba ta da bakin magana. Na so in tsaya a nan in sa hannu, amma kai ka huda abin da kake so saboda ni, ba zan ba ka rabin labari ba.

Wata safiya a farkon watan nan ina zaune kan tudu ina jiran dila bai zo ba. Don rashin abin yi sai na zare harsasan duka na zuba a aljihu, na juya madubin kan garken. Shekara uku rabona da in ga fuskar tunkiya daga nesa. Da farko daɗi na ji, har ina kiran sunayensu. Sannan na fara gani. Ɗaya tana kiwo a durƙushe kan gwiwoyinta, kofato ya ruɓe. Na ƙirga irinta tara. Wata ƙudaje sun cika bayanta, tsutsa na cin ta da ranta. Da yawa ƙashin bayansu ya fito ta cikin gashi. Can jikin shinge kuma ga ɗan rago ya maƙale a waya, ya mutu ya bushe, a wurin da nake wucewa kullum da safe da bokiti a hannu. Taku ashirin ne tsakaninsa da hanyata. Ya yi kuka, na tabbata ya yi, ni da kare duk ba mu ji ba.

Na daɗe a kan tudun nan. Sai na tuna goma sha taran bara da na ɗora wa diloli. Nawa ne a ciki suka kashe, nawa ne suka tarar a mace suka ci? Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Shekara sittin ina zagin mutanen da ke barin dabba cikin wahala, ashe na zama ɗaya daga cikinsu ba wanda ya gaya mini. Hovland ya gani, na tabbata. Kunyata ya ji.

Na sauko na ɗaga waya, ina sane matar Hovland na saurare, na kira Renae na gaya mata komai, har da Miles City. Sai ta ce, "Mama, ai kin ci alkawarin." Na ce na sani, shi ya sa nake iya tafiya da ƙafata. Da a ce faɗuwa na yi ta zo ta ɗauke ni, da na mutu ina jin haushinta, ina cewa diloli ne da 'ya mai taurin kai suka raba ni da gidana. Don haka kada ka yi nadamar ramukan nan, ko Lyle ya shekara bai gaishe ka ba.

Hovland zai sayi garken bayan an yi musu magani. Bindigar tana hanya zuwa gare ka, kyauta, in bangonka zai karɓi mai tabo. Za ka ga ramukan a buɗe, don na kwance madubin na riƙe. Yana aljihun rigata.

Jiya Renae ta zo da akwatunan. Na ji rugugin motarta a kan gada, na fito baranda na sa madubin a ido. Ta fito ta tsaya tana kallon gidan, ba ta san ina ganin ta ba, ta share ido da bayan hannu kafin ta ɗaura murmushin da za ta shigo da shi. Delbert, yarinyar nan ta yi furfura. Duk gaban kanta fari ne. Shekara uku ina faɗa da ita a kan teburi ɗaya, ina ce mata yarinya, ban sani ba.

'Yar'uwarka,
Arlys